DAGA ZANEN GOYO ZUWA RABIN AJI

Ran Litinin ɗin da aka koma makaranta bayan dogon hutun bara, na saɓa 'yata Ummi a kafaɗa na kai ta nazare. Shekararta uku ba wata biyu a lokacin. Tun daga gida take ɗokin sabon yunifom da 'yar jakarta, duk wanda muka gamu da shi a hanya sai ta nuna masa takalminta. Amma da muka isa bakin aji ta ga yara fiye da ashirin kowa na tsala ihu, sai ta cukuikuye mini wuyan riga. Wata malama, irin waɗanda yaran ke kira Anti, ta zo ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta ce da ni, "Malam, ka tafi abinka, kada ka waiwaya, duk haka suke yi." Na fita, amma ban tafi ba. Na raɓe a bayan katanga kamar mara gaskiya, ina tsintar muryarta a cikin muryoyi, har laccar ƙarfe tara ta wuce ni.

Kafin wannan rana mun yi kusan wata biyu muna ja-in-ja da mahaifiyarta a kan inda za a kai ta. Ita tana son wadda aka ce yaranta na fitowa da Turanci a baka. Ni kuwa na fi son ta kusa da gida, wadda zan iya leƙawa in hankalina ya tashi. Akwai ta uku mai haɗa boko da haddar Alƙur'ani, amma kuɗinta na zango guda ya fi ƙarfin aljihuna. Da muka je ƙauye gaida Inna na ba ta labari, sai ta dube ni, ba ta kuwa kiran sunana don ni ne ɗan farinta, ta ce, "Kai wannan, yanzu takwarar tawa da ko tsarki ba ta iya yi wa kanta ba za ku kai wa bare? Me za ta karanta? Ku kawo mini ita mana." Ban sami abin ce mata ba. Tambayar tata ce ta sa na koma ga littattafai da bakin tsofaffi, don in ga yadda Bahaushe ya saba raba yaro ƙarami da uwarsa, da kuma inda wannan sabuwar hanya ta samo asali.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya tuna shi ne, rabuwar fari a ƙasar Hausa yaye ce. In yaro ya doshi shekara biyu, wato iyakar shayarwar da Alƙur'ani ya ambata, sai a shafa wa nono abu mai ɗaci kamar garin maɗaci, a karɓo masa rubutun yaye wurin malam, a ɗauke shi a kai gidan kaka ko goggo. Can zai yi kukansa na kwana biyu ko uku, ana lallashinsa da kunu da fura, har ya dangana. Wani ya dawo bayan mako, wani kuwa shi ke nan ya zama ɗan riƙo. Wanda ya karanta labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, zai ga yadda riƙo ya zama ruwan dare. Ita Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi renon 'ya'yan dangi har ta aurar da su. Kada mu yi wa zamanin da kwalliyar da ba shi da ita: yaye akwai zafi, kuma farat ɗaya ake yinsa. Sai dai hannun da ke karɓar yaron hannu ne da ya sani tun yana cikin tsumma.

Wasu masana daga Amurka, cikinsu har da Robert LeVine da matarsa Sarah, sun zauna a wani gari na ƙasar Hausa suna lura da jarirai, aka buga sakamakon a 1977. Abin da ya ba su mamaki shi ne jaririn Bahaushe yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu a gida ɗaya, kuma wanda ya fi shaƙuwa da shi ba lalle ne ya zama uwarsa ba. Mu wannan ba labari ba ne a wurinmu. Kunyar ɗan fari kaɗai ta isa ta miƙa yaro ga kaka ko kishiyar uwa, ga kuma yayye mata da ke yawo da ƙannensu a baya.

Rabuwa ta biyu ita ce makarantar allo, kuma nan ne nake son in ɗan daɗe, domin a ganina nan kakanninmu suka yi wata dabara da ba mu ba ta haƙƙinta ba. Gwamna Lugga ya ƙiyasta cewa akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa a farkon mulkin Turawa. Galibinsu ba wani gini ba ne na musamman, zauren malam ne ko gindin bishiya a cikin unguwa, wani lokaci kuma tsakar gidan wata malama. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu ba a cika yi masa ranar shiga ba. Yayansa ne zai ɗauki allo, shi kuma ya bi shi a baya da gudu. Ya zauna a gefe yana wasa da ƙasa, in barci ya ɗauke shi ya kwanta a kan buzu, in kuka ya zo a ce da yayan ya mai da shi gida, gidan kuwa ga shi nan ana hangen ƙofarsa. Da haka kunnensa ke ɗaukar Fatiha da gajerun surori tun bai san abin da yake yi ba. Sai malam ya ga ya fara zama, sa'an nan a sassaƙa masa ɗan ƙaramin allo, a yi sadakar waina ko gumba, ya zama ƙolo sosai. Daga nan ya shiga babbaƙu, yana kiran haruffa da sunayen da aka raɗa musu da Hausa, su ha kuri da mim jaye da lam ara, sa'an nan farfaru, har Allah Ya kai shi ga sauka.

Zaɓen malam ma bai zama abin tashin hankali ba, domin uba ya san malam, sau da yawa ma shi ya karantar da shi, ko mahaifinsa. A masallaci guda suke salla. Kuɗin Laraba abin da ya sawwaƙa ne, Alhamis da Jumma'a kuma hutu. Akwai dorina, ban musa ba, kuma wasu gardawa sun wuce gona da iri a kan ƙananan yara. Haka kuma ban haɗa wannan da almajirci ba, inda ake ɗaukar yaro a tura shi gabas ya yi shekaru bai ga uwarsa ba. Wancan wani babi ne, kuma duk wanda ya ga ɗan shekara biyar da ƙoƙo a bakin tasha ya san babi ne mai ban tausayi.

Fargabar makaranta irin ta gaske ta shigo ne tare da Turawa. Bayan sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909. Mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa ya kwantar wa iyaye hankali: da Hausa ake karatu, yara na sanye da tufafinsu na gida, akwai kuma malamin addini. Duk da haka mutane ba su yarda ba, don sun san makarantun Kudu na mishan ne, sun kuma ji labarin Likita Mila a Zariya. Labarin ya shahara cewa wasu hakimai 'ya'yan barorinsu suka riƙa turawa a madadin nasu. Kalmar boko kanta shaida ce. An daɗe ana cewa daga sunan littafi na Turanci aka aro ta, amma Farfesa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin bogi ko na yaudara, kamar yadda muke cewa amaryar boko. Sha'anin 'yan mata ya fi wuya, sai a 1930 aka buɗe musu makarantu a Kano da Katsina. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin yadda kakata ta ɓoye shi a rumbu ranar da dagaci ya zo da ɗan doka ana rubuta yaran elementare, ƙarshe atishawa ta tona masa asiri. Amma fa a lura, yaran da ake kamawa a lokacin 'yan shekara bakwai ne zuwa sama. Babu Bature ko En'e da ya taɓa neman ɗan yaye.

To daga ina aka samo kai ɗan shekara uku aji? Daga Turai ne, kuma masana'antu ne suka haife shi. A 1816 Robert Owen, mai masaƙar auduga a New Lanark ta ƙasar Sikotlan, ya ga iyaye mata na wuni a bakin inji, 'ya'yansu na gararamba, sai ya buɗe musu wurin zama tun daga lokacin da suka iya tafiya. Wanda ya ɗora a kansu wani masaƙi ne mai haƙuri, James Buchanan, tare da wata budurwa, ya kuma gindaya musu sharaɗin kada su doki yaro, kada su dame shi da littafi. A Jamus kuma Friedrich Froebel, wanda uwarsa ta rasu yana ɗan wata tara, ya buɗe nasa wurin a Bad Blankenburg a 1837, a 1840 ya raɗa masa suna Kindergarten, wato lambun yara. Manufarsa yaro tsiro ne, malami kuwa mai ban ruwa. Kayan aikinsa ƙwallaye ne da 'yan gutsattsarin katako da waƙa. 'Yan'uwanmu na Nijar har yau da fassarar wannan suna ta Faransanci suke kiran irin waɗannan makarantu. Abin dariya, su ma Jamusawa sun yi tasu fargabar, domin gwamnatin Furusiya ta haramta lambun yaran a 1851 bisa zargin yana koya wa yara rashin addini da ra'ayin gurguzu, ba a ɗage haramcin ba sai 1860, bayan Froebel ya mutu. Maria Montessori, wadda sunanta ke rubuce a allunan makarantu da yawa a biranenmu ko da babu ko ɗaya daga kayan aikinta a ciki, ta buɗe gidan yaranta na farko a 1907 a wata unguwar talakawa ta birnin Rum, saboda masu gidajen haya sun gaji da ɓarnar da yaran ma'aikata ke yi wa bango in iyayensu sun tafi aiki.

Ke nan duka ukun babu wanda ya nufi a zaunar da ɗan shekara uku a benci yana kwafar haruffa daga allon bango, balle a ba shi aikin gida ko a yi masa jarrabawa a ce ya zo na goma sha bakwai. Wannan ƙari namu ne.

A Nijeriya nazare ta fara ne a matsayin abin 'ya'yan Turawa da manyan ma'aikata, kamar wadda ƙungiyar matan Corona ta buɗe a Ikko a 1955. A nan Arewa sai a Sabon Gari da unguwannin Turawa da makarantun 'ya'yan ma'aikatan jami'a ake ganinta. Abin da ya sauya al'amarin ya faru ne tsakanin 1974 da 1977, kuma abubuwa ne da suka zo a jere. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji sun jawo samari birni, suka bar gidan gandu suka kama haya ko kwatas, inda babu kaka babu goggo. Matan da suka yi karatu suka shiga aikin koyarwa da jinya da ofis. Sa'an nan a watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi tanadin yara miliyan 2.3, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Da yake yawanci babu takardar haihuwa, sai a ce yaro ya ɗora hannu ta bisa kansa ya taɓo kunnen ɗaya gefen, in ya taɓo an ɗauke shi. Wanda hannunsa bai kai ba kuma ya ƙi komawa gida, akan bar shi ya zauna a bayan aji, ga alama nan ne kalmar rabin aji ta sami gindin zama.

Akwai wata illa ta UPE da ba a cika ambata ba. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda matan kulle suka dogara da yara wajen talla da aike da reno. Ranar da aka kwashe 'yan shekara shida zuwa goma sha biyu aka kai firamare, an kwashe masu goyon ƙanne ke nan. Yayar da Ummi za ta bi a baya a zamanin Inna, yau tana aji huɗu tun ƙarfe bakwai da rabi.

Manufar Ilmi ta Ƙasa da aka fitar a 1977 ita ce takardar hukuma ta farko da ta ba ilmin share fagen firamare babi nasa, na yara daga shekara 3 zuwa 5. Ta lissafa amfaninsa, na farko a ciki kuwa shi ne sauƙaƙa wa yaro tashi daga gida zuwa makaranta, sa'an nan kula da shi lokacin da iyaye ke gona ko kasuwa ko ofis, da koyarwa ta hanyar wasa. Amma gwamnati ba ta ɗauki nauyin ginawa ba, cewa ta yi za ta ƙarfafa wa masu zaman kansu gwiwa, ita kuma ta sa ido. Masu zaman kansu sun amsa kira, sa idon ne ya yi ƙaranci. Shi ya sa mai gareji ko shago biyu zai iya shafa fenti, ya zana zomo da tuffa a bango, ya kafa allo. Dokar UBE ta 2004 ta shigar da renon ƙananan yara cikin ilmin tushe, bugun manufar na 2013 kuma ya sa shekara guda ta share fage a gaban firamaren gwamnati. A takarda malami 1 ne ga yara 25. Ajin Ummi na ƙirga 38.

Batun harshe ya fi shafarmu mu 'yan wannan ƙungiya. Manufar 1977 ta ce a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Tana da hujja a hannu, domin tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, suka kuma fi takwarorinsu ƙoƙari, har a Turancin kansa ba su gaza ba. Amma iyaye ne masu biya, kuma abin da suke so su ji in yaro ya dawo shi ne Turanci. Na san makarantun da ake cin tarar yaro in ya yi Hausa. A 2022 gwamnati ta amince da koyarwa da harshen uwa har ƙarshen firamare, a ƙarshen 2025 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sanar da soke wannan, aka koma Turanci tun daga tushe. Ni dai abin da na sani shi ne, yarinyar da fitsari ya matse ta, ba ta kuma san yadda za ta faɗa da harshen da Anti ta yarda da shi ba, a wando za ta yi. Haka kuwa aka yi, sau uku a makon farko.

Tsoron kakata shi ne kada a mai da ɗanta Nasara. Tsoron iyayen yau ya fi wannan muni. A farkon 2022 aka tono gawar wata yarinya 'yar shekara 5 a Kano, wadda mai makarantar da take zuwa ya sace don neman kuɗin fansa. Gwamnatin jihar ta soke lasisin dukan makarantu masu zaman kansu don a sake tantance su, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a wannan shekarar. Tun daga lokacin na lura tambayoyin iyaye sun sauya. Wa ke tsaron ƙofa? Wa ake ba yaro in an tashi? Ɗan adaidaitan da ke kwaso su, wa ya san gidansu? Malam na zaure ba a yi masa waɗannan tambayoyi ba, don duk unguwa ta riga ta san amsarsu.

Saura maganar Anti, wai in tafi kada in waiwaya. Likitocin Ingila ma haka suke ce wa iyaye a da in an kwantar da yaro a asibiti, har sai da John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahotonsa na 1951, abokin aikinsa James Robertson kuma ya ɗauki fim ɗin wata 'yar shekara biyu da ta yi kwana takwas a asibiti ba uwarta, a 1952. Sun nuna cewa yaro yakan fara da bore, sa'an nan ya yanke ƙauna ya yi tsit, daga baya ya nuna kamar bai damu da kowa ba. Shirun nan da manya ke ɗauka dangana ce, sau da yawa baƙin ciki ne. Gaskiya ne wunin nazare ba kwanan asibiti ba ne, kuma yawancin yara sukan ware cikin 'yan makonni. Amma daga irin wannan bincike ne Jamusawa suka tsara hanyar da ake kira tsarin Balin a shekarun 1980. Uwa ko uba zai zauna a gefen aji kwana uku na farko, awa guda ko biyu, ba ya shiga wasan, ba ya kuma tafiya. A rana ta huɗu ya yi sallama ya fita na ɗan lokaci. In yaro ya yi kuka malama ta lallashe shi ya yi shiru ya koma wasa, to ya karɓe ta, sai a riƙa ƙara lokaci. In ya ƙi lallashi, a kira uwar, a ƙara mako biyu ko uku. Da na karanta wannan sai na ga ƙolo ne a gefen buzu, da yayansa a kusa da ƙofar gida a buɗe, illa dai su sun rubuta nasu sun sa masa suna.

Na kai wa shugabar makarantar wannan shawara, ta saurare ni da ladabi, ta ce in ta bar uba ɗaya ya zauna, gobe iyaye talatin ne za su cika mata aji. Ban ga laifinta sosai ba. A mako na uku dai kukan Ummi ya ragu, na kuma bincika dalili. Ashe akwai wata dattijuwa da aka ɗauka aikin shara da wanke wa yara jiki, ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, yaran na kiranta Iya. Ita ce ke karɓar Ummi a bakin ƙofa, ta goya ta da zanenta tana shara har ta yi shiru, sa'an nan ta sauke ta a aji. Ranar da na tsaya yi mata godiya na ce, "Iya, Allah Ya saka da alheri," sai ta ce, "Ba komai ɗan nan, ai jikata ce." Ta kuma gaya mini cewa albashinta shi ne mafi ƙanƙanta a makarantar, wata biyu ke nan ba a biya ta ba, in zangon nan ya ƙare za ta koma sayar da ƙosai a ƙofar gidanta. Ban gaya wa Ummi ba tukuna.